Noy Koro da Dogon Ƙarfe na Biyu

Da la'asar sakaliya za ka hango Dioscoro Balansag, wanda duk gari ke kira Noy Koro, ya ratso gonakin shinkafa da takalmin roba, riƙe da ƙunshin abincinsa, ya nufi ɗan ɗakin da ke gindin dogon ƙarfen gidan rediyonmu. Yana shiga zai duba takardar lokutan faɗuwar rana da ke manne a bango. Minti na cika sai ya murɗa makunni. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki a gaɓar tsibirin Samar, kuma ranar Asabar zai ajiye shi.

Tashar matsakaicin zango, idan rana ta faɗi, muryarta nisa take yi har ta hau kan ta wasu. Da can lasisinmu na ƙaramin rukuni ne, ga wata babbar tasha a arewa da muke mita ɗaya da ita, dole mu rage ƙarfi mu ba ta hanya. Masuntan tsibirin Kabugan su suka sha wahalar wannan ƙa'ida, domin daidai lokacin da suke tura kwale-kwale cikin ruwa rediyonsu ke komawa shuuu. Manang Sabel mai kifi ba ta ganin Noy Koro a kasuwa ta ƙyale shi.

"Noy, wai kai da kaji tare kuke shiga akurki ne? Rana na faɗuwa sai mu ji ka tsit."

Dariya kawai yake yi. Amma shekarar da iska ta juya da yamma, gargaɗi bai kai Kabugan ba, ƙanen Manang Sabel ya fita bai dawo ba, sai dariya ta ƙare. Manajan tasha ya kira Noy Koro ya ce daga yau ya bar ƙarfin yadda yake, wa zai ji daga Manila, inda hukuma take? Noy Koro ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Yallaɓai, mutanen arewa ma suna da masunta. In muka danne musu gargaɗi, gawar wa za mu ɗauka? In kuma aka kama mu, da dare da rana duka mun rasa."

Wasu sun ce tsoro ne. Ba su san ka ba, Noy. Kai ne ka ari na'urar awo, ka shiga jiragen mutanen da ke zaginka, kana amai kana rubuta ƙarfin murya mil bayan mil. Kai ne ka ce a kafa dogon ƙarfe na biyu, ya tare muryar daga arewa ya tura ta teku. Hukumar sadarwa ta dawo da takardun sau biyu. A karo na biyu manaja ya ce ya gaji. Ka sake awon daga farko, damina guda cur, har masuntan suka koma riƙe maka lema a kan na'ura.

A shekara ta huɗu aka ɗaga rukunin lasisin. Har yanzu Noy Koro yana murɗa makunni da faɗuwar rana, sai dai ba ragewa yake yi ba, juya muryar yake yi. Manang Sabel da kanta ta ba ni labarin yammacin da ta fara jin hasashen yanayi tangaran a Kabugan. Ta ce ta zauna a bakin ƙofa ta saurara har ƙarshe, ko da yake ba ta da sauran wanda za ta gargaɗa.

Mun gode, Noy Koro, dutse mai wuyar turewa. Masu zuwa bayansa, idan ƙa'ida ta matse ku, kada ku haura katanga. Ku yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har a buɗe.