Minti Biyar ɗin Orest

Duk wanda ya tashi a ɗan garin nan namu na Manitoba ya san Orest Pawluk ta hancinsa tun kafin ya san sunansa. Hancin ya sha karaya har ya kwanta gefe guda, kamar wani ya zauna a kansa. Haƙoransa na gaba na roba ne, gaɓoɓin yatsunsa kuma sun kumbura sun ƙi saɓewa. Lokacin zafi motar hatsi yake tuƙawa. Da sanyi kuwa, tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa, shi ne mai faɗan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta gari.

Bai iya wasan ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Aikinsa ɗaya ne. Idan wani ƙato ya maka ɗan wasansu mai sauri da katangar fili, ko ya zabga masa sandar wasa a wuyan hannu, sai koci ya taɓa kafaɗar Orest. Shi kuma ya zare haƙoransa ya jefa cikin kofin ruwa, ya sulala kan ƙanƙara har gaban mutumin.

"Ka taɓa mini yaro," zai ce. "To bismilla, zo ka biya."

Sai safar hannu su zube, tasa da ta wancan. Kowa ya shaƙo wuyan rigar ɗan'uwansa da hagu, dama tana aiki. Alƙalan wasa su ja da baya su harɗe hannu, 'yan kallo suna dukan gilashin da ya kewaye filin suna ihu. Ƙafafu suna santsi, jiki yana tangaɗi, naushi goma da ƙyar uku su samu fuska. Jini ya ɗiga ya daskare nan take, daga baya a zo da shebur a kankare. Da ɗaya ya kai gwiwa ƙasa, faɗa ya ƙare, ba a dukan wanda ya faɗi. Kowa ya tafi kejin hukunci ya zauna minti biyar, ya dawo fili. In an tashi wasa a haɗu a sha giya. Ranar da matar Orest ta rasu, Wendell, mutumin da ya taɓa tsaga masa gira har ƙashi ya bayyana, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

'Yarsa Tanis ba ta taɓa ganin abin burgewa a ciki ba. Ita ke riƙe masa ƙullin ƙanƙara a ido tun tana ƙarama. Ta taɓa leƙawa ɗakin canja kaya ta tarar ana ɗinke masa leɓe ba allurar kashe zafi, yana dariya, jini na bin haɓarsa. Da ta girma ko titin filin hoki ba ta bi.

Sai aka buɗe babbar mayankar aladu a bakin gari, mutanen Filipin suka zo aiki da iyalansu, suka zo da ƙwallon kwando. Duk Lahadi bayan coci zauren wasanni na makaranta yakan cika, mata da tukwanen taliya a bakin ƙofa, maza cikin singileti ana zubar dusar ƙanƙara a waje. A nan Tanis ta samu miji, Jomar, ɗan gajere mai saurin tsiya wanda ƙwallo ke bin hannunsa kamar an ɗaure da zare.

Ranar da ta haifi Luz, Orest ya miƙa manyan hannayen nan zai karɓi jaririyar. Tanis ba ta saki ba.

"Baba, ka ji ni da kyau. Ranar da ka sake ɗaga hannun nan a kan wani, ba za ka ƙara ɗaukar 'yata da shi ba."

"Haba, ni da na yi ritaya? Wa zan daka, likita?"

"Ba wasa nake ba."

Ya san ba wasa take ba. Ya yi alkawari, ta sakar masa yarinyar.

Shi da surukinsa kuwa ba sa zama cin abinci ba su taɓa juna ba.

"Tatay," in ji Jomar, wato baba da yarensu, haka yake kiransa, "wasanku fa ba wasa ba ne. Dambe ne aka sa masa takalmi mai wuƙa."

"Naku fa? Ƙarti goma da gajeren wando, a taɓa mutum da ɗan yatsa ya zube yana kiran uwarsa."

"Zo ka tsaya ƙarƙashin kwando ka ji ko ɗan yatsa ne."

"Ni? Ai sai in mutu da kunya. Kai, a wasanku har tari in ka yi sai an hura usur."

"Gara usur da haƙoran kofi."

Duk da haka ya fara zuwa, saboda Luz. Tana fara tafiya ta maƙale masa, Gido nan, Gido can, wato kaka da yaren iyayen Orest. Yakan zauna a bencin gaba da ita a cinya, tana jan kunnensa, shi yana kallo. Tun yana gyangyaɗi har ya daina, don ya fara ganin abin da bai zata ba. Ana duka a wasan nan, sai dai ba a faɗa maka. Gwiwar hannu a haƙarƙari in alƙali ya juya baya. Gwiwa a cinya. Farce a ido. Wanda ya yi kuma ya ɗaga hannu sama ya yi fuskar waliyyi.

"Wa ke rama muku?" ya tambayi Jomar wata rana, ganin shatin duka a gefen cikinsa.

Jomar ya yi dariya. "Rama me? Haka wasan yake, Tatay. Ni ma ina yi, ba ka lura ba ne."

Orest bai yi dariya ba. A duniyarsa wanda ya yi mugunta yakan tsaya ya karɓi sakamako ido da ido, a wuce wurin. Nan kuwa ya ga ana tara abu ba a kwashewa.

Ranar da abin ya faru, ƙungiyar wani gari ce ta zo, da wani dogo mai suna Dindo, mai kafaɗa kamar ƙofa. Jomar ya yi ta zille masa yana jefawa a kwando, mata suna guɗa. Ran Dindo ya ɓaci. Da farko ya sakar masa gwiwar hannu a baki, Jomar ya tofar da jini a tawul ya koma. Orest ya gyara zama. Tanis, da ke gefensa, ta dafa masa hannu ba ta kalle shi ba.

Can Jomar ya yi tsalle zai jefa daga nesa. Yana sama Dindo ya tura ƙafarsa, a hankali, daidai inda zai dira. Ƙarar ta yi kamar an karya busasshen reshe. Jomar ya faɗi yana birgima, tafin ƙafarsa ya juya ya kalli inda bai kamata ba, yana ihu da yarensu. Alƙali ya hura usur, ya ɗaga yatsu: hukuncin jifa biyu a kwando. Dindo ya ɗaga hannuwa sama, ya yi fuskar nan.

Jifa biyu.

Orest ya ɗaga Luz daga cinyarsa ya ajiye ta a ta uwarta. Ya sa yatsa a baki ya zare haƙoransa ya zura a aljihun riga. Tanis ta san wannan tun tana yarinya.

"Baba. Baba, kar ka yi. Ga Luz tana kallo."

Ya ji ta sarai. Ƙafafunsa dai sun riga sun shiga fili. Ya ratsa ta gefen waɗanda suka durƙusa a kan Jomar, ya tsaya gaban Dindo, ya zubar da safar hannunsa ta sanyi a kan katako.

"Ka taɓa mini yaro. Ɗaga hannunka."

Dindo ya kalli safar, ya kalli alƙali, ya yi murmushi. "Tsoho, koma ka zauna. Nan ba filin ƙanƙara ba ne."

"Na ce ɗaga hannunka."

Hagunsa ta kai wa wuyan riga cafka, singiletin ta yage ta biyo shi. Dama ta tafi da kanta.

Orest ya yi faɗa fiye da yadda zai iya tunawa, amma duk a kan ƙanƙara, inda ƙafa ke zamewa ta kwashe rabin ƙarfin mutum, inda abokin faɗa ke da hular kwano da riga mai kauri, in ya faɗi ya sulale. Bai taɓa naushin mutum yana tsaye a kan busasshen katako ba. Takalminsa ya kama ƙasa gam, nauyinsa duka ya bi hannun. Ya ji muƙamuƙin ya ba da hanya a ƙarƙashin yatsunsa. Dindo ya tafi da baya a miƙe, ƙeyarsa ta bugi katako, ƙarar ta zaga zauren ta dawo. Jini ya fito ta baki da kunne, bai daskare ba, ya yi ta malala yana bin layin fenti. Ƙafa ɗaya tana karkarwa.

Ba wanda ya doki gilashi. Ba wanda ya yi ihu, sai wata mata da ta kurma kururuwa ta ruga fili, da Luz da ta fashe da kuka.

Orest ya ja da baya, tunda mutum ya faɗi. Ya juya ya nufi bencin da ke kusa da teburin masu rubuta maki, ya zauna shi kaɗai, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗaga kai yana kallon agogon bango. A nan 'yan sanda suka same shi.

Dindo bai mutu ba. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ya daɗe yana shan abinci da siririn bututun roba, kunnensa ɗaya bai ƙara ji sosai ba. Kotu ta yi wa Orest ɗaurin talala, makaranta ta hana shi shiga zauren har abada. Orest ya je asibiti da giya a leda, yadda aka saba, matar Dindo ta tare ƙofa ta ce in bai bar wurin ba za ta kira masu gadi.

Daga nan ya wuce gidan Tanis. Jomar yana kwance a kujera da ƙafa cikin ɗori, ya hango shi ta taga, ya ɗaga masa hannu kaɗan ya kawar da kai. Tanis ta buɗe ƙofa iya faɗin jikinta.

"Ya karya wa mijinki ƙafa da gangan," in ji Orest. "Kin gani da idonki."

"Na gani. Luz ma ta ga abin da ta gani. In ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin tebur."

"To har yaushe?"

"Ba keji ba ne, Baba. Ba agogo."

Daga can ciki wata 'yar murya ta ce, "Gido ne?" Tanis ta rufe ƙofar a hankali.

Yana nan har yanzu, ya tsufa, hancin ya ƙara kwanciya. Ranar Lahadi yakan ajiye motarsa a ƙetaren titin makaranta, inji a kunne saboda sanyi, ya sauke gilashi kaɗan yadda zai ji bugun ƙwallo da kukan takalma. Jomar ya koma wasa, da ɗan ɗingishi. Wani lokaci in an tashi yakan tsallako ya miƙo masa taliya a roba ta taga, ya gaya masa wa ya ci. Luz tana wucewa riƙe da hannun uwarta, ta yi tsawo. Orest yakan sauke hannuwansa daga sitiyari ya ɓoye su a cinya har su shiga mota.