Keken da Ba Ruwan Ɗorawa Ba

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da surutu. Innarmu takan ce a cikin 'ya'yanta ni kaɗai na yi magana kafin in yi rarrafe. Da na girma ma ban bari ba, sai na kai abin har gaban Ubangiji. A zumuntar mata ta majami'armu a Dutse, in aka ce ni zan rufe taro da addu'a, masu tukunya a kan wuta sai su fara kallon juna. Nakan gaya wa Allah damuwata, in gaya masa maganinta, in ce amin, in tashi.

A lokacin da abin nan ya faru, shekara biyu ke nan ba ma magana da Yaya, kuma mu biyu kaɗai muka rage. Ranar da muka binne Inna a ƙauyenmu da ke bayan Jahun, ya ce a gaban dangi wai na tare a birni na bar masa tsohuwa, sai gaisuwar waya. Ni kuwa na mayar masa da goma a kan ɗayarsa, na ɗauki jakata na hau mota.

Wata Laraba da safe matarsa ta kira ni. Ta ce ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, suna asibiti a Jahun. Ba ta ce in zo ba, ta ce dai ta ga ya kamata in sani. Na ce mata zan yi addu'a a kai.

Gaskiyar magana, ba na son zuwa. Ina tsoron ya juya wa bango fuska a gaban mutane, ga kuma girman kai da nake ta kiwo shekara biyu, ya yi ƙiba. Amma mace irina, mai wa'azi a zumunta, ba za ta ce ta ƙi zuwa gaida yayanta haka kawai ba. Sai na roƙi alama. Ina tsaye a bakin titin Yalwawa zan tafi makarantar da nake koyarwa, na ce Ubangiji, in nufinka ne in je Jahun, keken hayar da zai fara tsaya mini kada ya zama ruwan ɗorawa. Wanda ya san garin nan ya san launin kekunanmu, kusan duka ruwan ɗorawa ne. Ba a yi minti biyu ba wani ya tsaya, ruwan ɗorawa shar. Na shiga ina godiya.

Washegari zuciyata ba ta kwanta ba, sai na sake ba Allah dama. Na ce in ya sauko da ruwan sama kafin azahar, zan je. Tsakiyar rani ne, ko akuya neman inuwa take. Na yi ta leƙen sama daga tagar aji, kai ka ce da gaske nake.

Ranar Juma'a bayan zumunta na kai wa Mama shaida. Mama tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta iya karatu ba, amma ita ake kai wa duk abin da ya gagara. Na zayyana mata yadda Ubangiji ya amsa mini har sau biyu. Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta, aka miƙa mata ruwa.

"Malama," ta ce, "kin san yadda kike gaishe ni? Ina kwana Mama, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya kasuwa, da godiya. Ni ko baki ban buɗe ba kin kai ƙofa. To ashe har Shi haka kike yi masa."

Raina ya ɓaci, don na san ba ƙarya ta yi ba. Ta ce gobe da safe in yi masa tambayata sau ɗaya, ba sharaɗi, sannan in rufe bakina har in gama tsintar shinkafa kwano guda. Na tambaye ta to in ban ji komai ba fa? Ta ce ko ban ji komai ba, ai an samu hutu a sama.

Asabar da hantsi na zauna a tsakar gida da faifai a cinya. Na yi tambayar, na yi shiru. Ashe shiru aiki ne. Sau uku ina kama kaina na fara tsara wa Allah dalilai. Na ji kaji, na ji mai ruwa yana tura kurarsa, na ji karatun allo daga zauren malamin da ke maƙwabtaka da mu. Murya daga sama kam ban ji ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba.

Abin da na ji muryata ce. Wajen rabin kwano, maganar da na yi ranar jana'iza ta dawo mini sak yadda na faɗe ta. Na ce wa Yaya wai ya zauna kusa da Inna ne don boko ta gagare shi, ba don ƙauna ba. Shekara biyu ina bitar abin da ya ce mini, ban taɓa zama na saurari nawa ba. Mutumin da ya bar makaranta ya koma gona don ni in ci gaba. Kunya ta kama ni, na yi kuka sosai a kan shinkafar. Ban ƙarasa kwanon ba. Na tashi na dama kunun gyaɗa, abin da ya fi so tun muna yara, na zuba a fulas.

Keken da ya kai ni tasha ruwan ɗorawa ne, amma wannan karon ban ɗauke shi alama ba.

Hali dai hali ne: kafin motar ta isa Jahun na shirya jawabin neman gafara mai sassa uku. Da na shiga ɗakin na same shi ya rame, bakinsa ya karkace, hannun dama a ajiye kan zane kamar ba nasa ba. Bai juya wa bango fuska ba. Ya kafe ni da ido, leɓensa na rawa, yana ƙoƙarin fitar da wata kalma. Nan take na hau taya shi: ruwa yake so? Ciwo ne? A kira nas? Matarsa ta dafa hannuna ta ce yanzu maganarsa sai an jira ta, in aka tare shi sai ta koma.

Na ajiye fulas ɗin, na zauna a bakin gado, na haɗe leɓena. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. An daɗe, har wanda ke gadon kusa ya daina cin abincinsa.

"Auta," ya ce. Ya huta, ya sake tattara ƙarfi. "Kin... daɗe."

Jawabina mai sassa uku yana nan a bakina, na haɗiye shi.

"Na daɗe, Yaya," na ce. Sannan na yi shiru, don na ga akwai sauran magana a bakinsa.