Kaskon da Na Tono a Toka

Mahaifina bai taɓa kirana da sunana ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ita kuwa ta rasu yana jariri, don haka tun ina rarrafe "Uwata" yake ce mini. Ko bayan na yi aure, na zama malamar makaranta a Maraɗi, in na sauka daga mota a garinmu Jiratawa ya hango ni, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Uwata ta iso, a ba ta ruwa." Yau da safe ina shara a gidana na unguwar Zariya a nan Maraɗi muryar nan ta faɗo mini a rai, na tsaya da tsintsiya a hannu kamar wadda aka kira.

Sana'arsa yin rumbu. Har daga Tibiri ake zuwa ɗaukarsa, don rumbunsa ba ya zama a karkace, jinkarsa ba ta yoyo. Amma yana da baki, kuma ni na gaje shi, ba na musu.

Da uwarsa ta rasu, maƙwabciyarsu ce ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ɗanta. Ita muke ce wa Kaka, ɗan nata kuma Baffa. Nono ɗaya suka sha, amma Baba da Baffa sun tsufa suna faɗa. A shekarar da nake ba da labari, rigimar a kan ruwan lambu ce, wa zai fara buɗe wa albasarsa. Baba ya harzuƙa, a gaban mutane ya nuna Baffa da yatsa ya ce, "Za ka gani."

Kwana tara bayan haka, ranar Juma'a da tsakar rana, rumbun Baffa ya kama da wuta, cike da hatsin shekara. Maza duk suna masallaci. Baba bai je ba saboda ƙafarsa ta kumbura, shi ya fara hango hayaƙi, ya ɗingisa ya je. Da aka sauko daga salla, shi kaɗai aka tarar a wurin, hannuwansa sun sale. Baffa bai tsaya tambaya ba ya tafi wajen jandarma. Kafin la'asar an kawo Baba Maraɗi, bayan 'yan kwanaki aka wuce da shi gidan kaso a kan laifin sa wuta da gangan.

Na samo masa lauya, wata mace 'yar ƙarama mai ofis a Sabon Gari, a saman shagon masu faci. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce an ji ya yi barazana, an same shi a wurin, kuma ba shi da shaida ko ɗaya. In ba a gano inda wutar ta taso ba, shekaru ne zai yi a rufe, a tsufansa da wannan ƙafa. Sau uku tana zuwa wajensa, amsarsa ɗaya ce, "Ban sa wuta ba." Daga nan sai ya kama jan carbi.

"Babanki ya san wani abu," in ji ta. "Ni ba zai gaya mini ba. Je ki duba wurin da idon 'yar gida."

Na je. Ba wanda ya taɓa tokar, don jandarma sun hana. Na sa kara ina tonawa tsakanin duwatsun da rumbun ya zauna a kai, sai ga kasko. Na san shi tun ina yarinya, mai ɓallin baki ne, da shi Kaka take jin ɗumi da sanyi. A wajenmu tsofaffin mata kan zuba garwashi a kasko, su ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro, su tura ƙarƙashin rumbu don hayaƙin ya kori gara da ƙwari. Ba a yi sai an tsaya a kansa. Kaka kuwa ido ya yi rauni, mantuwa ta fara kama ta.

Washegari na kai wa Baba tuwo, na gaya masa abin da na tono na ɗauko. Bai yi mamaki ba.

"Na gane shi tun ran nan," ya ce. "Ni na tura shi cikin toka da ƙahwata."

"Baba, kana sane ka yi shiru?"

"Uwata, mi ki ka so in yi? Matar da ta ba ni nono, ita za ni tsaida gaban alƙali?"

"To sai ka ruɓe nan?"

"In ruɓe. Ke dai na hana ki. Ki maida kaskon ga inda ki ka ɗauko shi."

Na ce to. Na fito, kaskon yana cikin jakata a naɗe da tsohon ɗankwali, na tare ɗan kabu-kabu na ce Sabon Gari. Ko minti ɗaya ban yi ina shawara ba. Raina a ɓace yake, da shi, da Baffa, da tsohuwar ma da ba ta san hawa ba.

Ranar shari'a aka shigo da Kaka ana riƙe da hannunta. Lauyar ta rusuna kusa da ita, ta miƙa mata kaskon, ta tambaye ta a hankali. Kaka ta shafa bakinsa ta ce nata ne, ta daɗe tana cigiyarsa. Ta ce ita ta tura shi ƙarƙashin rumbu, ta shiga ɗaki ta yi alwala, sai barci ya ɗauke ta. Ashe duk makonnin nan ce mata aka yi Baba ya tafi aiki Tibiri. Da ta fahimci inda take, ta juya tana lalube da ido.

"Ɗana ne ku ka ruhe saboda ni?"

Ta fashe da kuka irin na tsofaffi, marar ƙara. Baffa ya rufe fuska da hula. Baba ya sunkuyar da kai, har aka gama bai ɗago ba. Alƙali ya sallame shi, ya ce tsautsayi ne, Kaka ma ba a riƙe ta ba.

A bakin ƙofa na nufe shi da murna, har na miƙa hannu in karɓi sandarsa. Ya dube ni ya ce, "Malama, mun gode."

Ya koma Jiratawa ya yi wa Baffa sabon rumbu, bai karɓi komai ba. Amma Kaka ba ta sake zama daidai ba. Aka hana ta taɓa wuta, aka ɗauke murhunta, mata suna nuna ta a bakin rijiya. Mai dafa wa unguwa ta koma jiran a miƙo mata. Ba ta ga kakar gaba ba.

Na sha tambayar kaina, kuma amsar ba ta sauya ba: in aka mayar da ni ranar nan, Sabon Gari zan sake cewa. Shekara shida ya ƙara a duniya, a gidansa, yana ganin jikokinsa, yana faɗa da Baffa a kan ruwa. Ni na samo masa su. Bai taɓa yi mini gori ba, bai daina aiko mini da albasa ba. In na sauka daga mota yakan ce, "Malama ta iso, a ba ta ruwa." Ni kuwa in karɓa in sha.

A ɗakin nan nawa ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Wata safiya na tallafo kansa na ba shi koko, ya sha kaɗan, ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallona. Na ga bakinsa yana motsi, na kai kunnena kusa. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, da furfura a kaina, amma kalma ɗaya nake jira kamar yarinya.

Ya ce, "Allah shi yi miki albarka, Malama."

Na ce amin. Albarkar na samu, kuma ina gode wa Allah. Sunan nan kuwa ba wanda ya rage a duniya da zai kira ni da shi.