Burtalin da Ya Bi ta Kan Inna

A kakar shekarar da zan shiga aji uku, ana gab da komawa lakwal, wato makarantar boko, wata Laraba da hantsi ina roron wake a gonarmu da ke yamma da Bande, sai ga farar mota ta tsaya a hanyar amalanke. Baƙi suka fito tare da mai gari. Wani dogo mai malafa a cikinsu yana riƙe da ɗan abu rawaya kamar rediyo, in ya ɗan yi gaba sai ya tsaya, ya ɗaga shi sama, ya jira. Mu yara muka ɗunguma bayansa muna dariya, wai tashar da yake nema ce ta ƙi kamuwa. Daga baya na san GPS ake ce wa abin, su kuma masu awo ne, sun zo shata burtali don shanu su sami hanyar tafki ba tare da sun faɗa gonakin mutane ba.

Mu gidanmu ana noma ana kiwo. Bukkokinmu a cikin gona suke, duk rani Baffa, mahaifina, yakan yi ta matsar da turakun shanu don taki ya game ko'ina. Da safe ni ke riƙe maraƙi ana tatsa, in wanke ƙore, in ɗebo ruwa, da yamma kuma mu zube gindin gawo muna carafke ko muna gina shanun laka masu ƙahon ƙaya. Mahaifiyata, Inna, ta rasu a daminar shekarar da ta gabaci wannan, zazzaɓi ya ɗauke ta. Ruwa ya yanke hanya, ba a iya kai ta maƙabartar gari ba, aka binne ta a ƙarshen gona ta gabas, gindin wani ɗan kalgo. Tun daga ranar Baffa bai sake sa hauya a gefen nan ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Ni kuwa can nake ratsewa in zan je rijiya, in share wurin da tafin hannu, in kai mata ƙarar Goggo, ƙanwar Baffa, wadda in ta yi mini kitso sai na kwana ban iya rufe ido ba.

Mai malafa ya shimfiɗa wani babban hoto a ƙasa, ya ce daga sama aka ɗauke shi cikin damina. Ga gonaki sun jeru, ga wani zirin fili da ba kunya ko ɗaya a cikinsa. Ya ɗora yatsa a kai ya dubi Baffa. "Baba, nan mun ga ba a nomawa. Akwai rijiya, ko masallaci, ko kabari? In akwai, sai mu karkata layin." Baffa yana tsaye da sanda a kafaɗa, maza sun kewaye shi. A wurinmu namiji ba ya kawo zancen matarsa a gaban mutane, balle ya nuna mutuwarta tana cin sa har yanzu. Dattawan rugarmu da suka san komai suka sunkuyar da kai, don maganar tasa ce. Baffa ya ce, "Saura ce. Ku bi da shi." Na ja bakin rigarsa, ya ɗora mini hannu a ka.

Kafin rani ya tsaya an kafa turakun siminti masu ja da fari, kushewar Inna ta faɗa tsakiyarsu. Garke ya bi, wani ya biyo. Awaki suka cinye ganyen kalgon, masu neman itace suka ƙarasa shi, kofato ya baje ɗan tudun. Ban gama firamare ba sai da wurin ya koma rairayi zalla, kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Burtalin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba, faɗan manoma da makiyaya ya lafa a yankinmu. Mai malafa ma ban riƙe shi ba, ai ya tambaya. Baffa na riƙe, na daɗe ina miƙa masa ƙwaryar fura ba na kallon fuskarsa. Sai da na girma na lura bai taɓa kora shanunsa ta burtalin nan ba. Yakan zagaya da su ta kudu, hanya mai nisa da ƙarangiya, makiyaya suna yi masa tsiya wai ya ƙi hanyar da ya bayar da kansa. Har ya rasu bai ce mini komai a kai ba.

Yau a Damagaram nake, aikina ke nan, haɗa taswira. Rijiyoyi da tafkuna da burtalai daga Magarya har Dungas, kowanne na san lambobin da ke nuna inda yake a bayan ƙasa. Na tono tsofaffin hotunan tauraron ɗan adam na gonarmu, na yi ta faɗaɗa su har idona ya yi ja, amma kalgon ƙarami ne, ɗigo ne cikin ɗige-ɗige. Bara na kai 'yata, wadda ta ci sunan Inna muke ce mata Ummi. Muka shiga tsakanin turakun, na'ura na hannuna tana nuna mini inda nake tsaye. Ta ce, "Mama, a ina za mu tsaya?" Na ce, "Ban sani ba, Ummi." Muka ɗaga hannu a inda muke, ba mu shafa ba sai ga garke, dole muka kauce. Lokacin da ban san taswira ba, ko ido rufe ina zuwa wurin Inna. Yanzu duk faɗin burtalin nake yi wa addu'a.