Azumin Alhamis da Ɗanwaken Ƙofar Baya

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan manta wata Alhamis da na yi a Kazaure ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa a kan ɗanwake sai na waiga in ga ko akwai mai kallona.

Ɗan ƙanena ne ya ga wata malamar firamare a can, ya kafe a kan ita yake so. Da yake ni ne babba a gidanmu, ni aka taso daga Gwiwa in je in gaida baffanta, wanda aurenta ke hannunsa, a san juna kafin manya su taru. Ɗan nawa ya rako ni har tasha yana magiya. "Baffa, don girman Allah, gidan malamai ne. Ka rage surutu, in kuma an kawo abinci kada ka suɗe kwano." Ya san ni. A boko aji uku na tsaya, a allo ma ba a cewa komai, amma a fannin ci duk ƙauyenmu ni ake tambaya.

Da hantsi na isa. Malam ya karɓe ni a zaure, dattijo mai natsuwa, ga littattafai jibge a gefensa, ga gemu har ƙirji. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yau Alhamis, ni ina ɗan azumi, amma bari a kawo maka koko da ƙosai." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Allah gafarta Malam, ai ni ma Litinin da Alhamis ba sa wuce ni." Alhali tumbina cike yake da ɗumamen da na kwasa kafin in fito. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ya ce lallai yaro ya fito gidan tarbiyya. Sannan ya ce zai je ta'aziyya Roni, in dawo da magariba mu sha ruwa tare, a nan za a yi maganar.

Ka ga an bar ni da wuni guda, babu gona babu aiki, a garin da kowane lungu da abin da ake soyawa. Na yi niyyar in daure, wallahi na yi. Na daure tun daga ƙofar zaure har bakin titi. A nan iska ta kaɗo ƙamshin waina, sai na yi wa kaina fatawa: azumin da aka riga aka ci ɗumame a kansa, me ya rage a lalata? Na tari mai adaidaita sahu na ce ya kai ni nesa, inda ba wanda ya san Malam.

Da waina na buɗe fage, mai laushi, ana kwarara mata miyar taushe. Na gangara na sami mai gurasa yana barbaɗa ƙuli, na ce ba zan wuce bawan Allah ban gaishe shi ba. Gaba kaɗan wata Bafulatana ta dama mini fura a ƙarƙashin dalbejiya, tana yi mini tsiya wai hulata ta girme ta. Daga nan na bi ƙafa ina kallon gari: maƙera, teloli, masu gyaran babur, gidaje sun manne a gindin duwatsu kamar za su hau. Na yi azahar a wani masallaci, na fito na tarar da awara tana jirana a bakin ƙofa. Lungu ya miƙa ni ga lungu, na hau na sauka, har na daina sanin ina ne gabas.

Wajen la'asar na faɗa wani siririn lungu. A bakin wata ƙaramar ƙofar langa-langa wata dattijuwa na zaune kan kujera 'yar tsugunno, tana tsamo ɗanwake daga tukunya. Ciki ya ce ya isa, ido ya ce bai isa ba. Na tsuguna.

"Hajiya, a zuba na mutum ɗaya, amma mutumin ƙato ne."

"Baƙo ne kai," in ji ta, tana zuba mai. "'Yan unguwar nan ba sa zama, a kwano suke aikowa."

Na ce daga Gwiwa nake. Na kai loma, na ce ɗanwake ya yi, sai dai kanwa ta ɗan yi yawa. Ta ce shekara talatin tana wannan sana'a ba a taɓa gaya mata haka ba, sai yau da Allah ya kawo mai gyara daga ƙauye. Muka yi dariya, hira ta yi daɗi, ni kuwa in hira ta yi daɗi bakina ba shi da birki. Na kwashe labari duka na ba ta, har da azumin.

"Wane malamin ne wannan?" ta tambaya.

"Wani ne can nesa, a ɗaya gefen gari. Gemunsa kamar tsintsiyar laushi."

Ta yi tari, ta gyara mayafi. "To shi yaron naku, halinka ya ɗauko?"

Na ajiye cokali. Na ce mata a'a, wannan bai biyo ni ba. Tun da ubansa ya kwanta ciwo shi ke nome gonarsa kafin ya tafi wurin aiki. Bai iya ƙarya ba, in ya gwada ma kunnuwansa rawa suke. Na ce in aka hana shi yarinyar nan saboda ni, ban san da wane ido zan dube shi ba. Ta ƙara mini cokali biyu, ta ce gyara ne.

Da ƙyar na miƙe, na tambayi hanya. Abin mamaki, sau biyu kawai na sha kwana sai ga ni a ƙofar zauren Malam. Ko a lokacin kwanyata ba ta kawo komai ba, na ɗauka gajeriyar hanya na dace da ita.

Aka kira magariba. Na karɓi dabino ina lumshe ido kamar wanda ya wuni a rana yana sassabe. Bayan salla aka jera kunu, ƙosai, tuwo, har da farfesun kaza. Malam na cewa, "Bismilla, ci mana, ka sha wuya yau." Ni kuwa ko numfashi a hankali nake yi kada maɓallin riga ya tashi.

Sai aka yi sallama daga ƙofar cikin gida, aka turo langa ta ƙarƙashin labule. Wata murya ta ce, "Ga na baƙo. A gaya masa wannan karon an rage kanwa."

Na san muryar.

Malam ya ce, "Yayata ce, gwaggon yarinyar, ita ta raine ta. Tana sana'a ta ƙofar baya. Yaya, kun san juna ne?"

"Mun sha hira," in ji ta. "Shi zai ba ka labari. Ka tambaye shi batun tsintsiya."

Ashe duk yawon nan da'ira na yi, na zagayo bayan gidan da na gudu daga gabansa. Na dubi ƙofa, na tuna ɗan ƙanena a tasha. Na cire hula na ce, "Allah gafarta Malam, yau ban yi azumi ba. Litinin ma ban yi ba. Tun ƙaramar salla rabona da shi." Na lissafa masa tun daga waina har ɗanwake. Ya saurara yana shafa gemun. Da ya tambayi tsintsiyar na faɗa masa, sai ya sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, na kashe auren. Can na ga kafaɗunsa na girgiza. Dariya yake, har da share hawaye da bakin rawani.

Amma hukuncin daga bayan labule ya fito. "Malam, ka ba su. Abin da ya gaya maka da safe don ya burge ka ne. Abin da ya gaya mini a kan yaron, bai san ko ni wace ce ba, kuma bakinsa cike yake. Wannan na yarda da shi."

Malam ya ce an ba mu, da sharaɗi ɗaya: in cinye langar nan. Na cinye, ina gumi, kuma Allah ya sani na suɗe.

Yanzu 'ya'yansu huɗu. Duk Alhamis da azahar tsaka surukar tawa, matar yaron, sai ta aiko mini da ɗanwake, a ce wai ga buɗa-bakin Baffa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kada ka ari halin da ba naka ba don shiga gidan mutane, domin kowane gida yana da ƙofar baya. Ƙaryar da na yi a zaure saura kaɗan ta raba ɗana da matarsa, gaskiyar da na faɗa a tsugune da mai a leɓe ita ta ɗaura auren.