Ajiyar Genzo a Gindin Jigon Kurohime

Mitsuno ba ta taɓa taka jirgin yaƙi da ƙafarta ba, amma duk matan layinsu, a garin ƙera jiragen nan na bakin tekun Japan, sun san cewa da ita da jirgin yaƙin Kurohime jiki ɗaya ne.

Mijinta Genzo ne ya jawo. Kafintan kwalekwale ne daga tsibirinsu, neman abinci ya kawo shi babbar maƙera lokacin da ake gina Kurohime, aka ba shi aikin shimfiɗa katakon daɓen sama. A zamanin, manyan ƙasashe sun yi yarjejeniya cewa irin wannan jirgi ba zai wuce wani nauyi ba. Masu zanen jirgin kuwa akwai haɗama. Suka yi jikin dogo siriri don ya yi gudu, suka jibga masa manyan bindigogi gaba da baya, sannan suka kafa hasumiyar ƙarfe hawa bisa hawa a tsakiya. Ma'aikata har cewa suke an ɗora wa 'yar yarinya turmi a ka.

Shi Genzo ba nauyin ne ya dame shi ba.

"Jirgin nan fanko ne," ya ce da matarsa wata rana tana taje kai a tsakar gida, ɗansu Shinpei yana goye a bayanta. "Ƙarfe iya ƙarfe, amma ba kowa a ciki."

Ta gane inda ya dosa. A tsibirinsu ba a tura sabon jirgi ruwa sai kafinta ya fafe gindin jigo, dogon itacen nan da ke tsaye a tsakiya, ya cusa ɗan akwati mai ɗauke da gashin mace, ya toshe. Wannan ajiya ita ce funadama, uwar jirgi. Muddin tana ciki, jirgi zai dawo gida.

"Kai dai da neman rigima," in ji Mitsuno. "Jirgin sarki ne fa, ba kwalekwalen kawunka ba. In aka kama ka fa?"

"Sunkuyo dai, sarkin tsoro."

Ya yanki gashinta kamar tsawon yatsa, ya sa a ɗan akwati. Jigon Kurohime na ƙarfe ne, ba ya fafuwa, amma Genzo ya sami wani lungu a gindinsa, ya ɓoye akwatin, ya rufe da katako.

Ranar da aka tura jirgin ruwa wuyan Mitsuno ya fara ciwo, bai kuma daina ba. Tafiya ma sai ta koma yi a karkace. Shekarar da guguwa ta riski jiragen a tsakiyar teku har jikin Kurohime ya tsage, ita ma ta kwanta da ciwon haƙarƙari. Aka dawo da jirgin maƙera, aka ƙara masa ƙarfe ta gefe da gefe don ya daina tangaɗi. Kafin a gama, Mitsuno ta yi ƙugu, alhali shinkafarta ba ta ƙaru da ko loma ɗaya ba.

"Ke Mitsuno, ke ma gyara aka yi miki?" in ji maƙwabciyarta Otake ta kan shinge. "Faɗa min sunan maƙerin, ni ma in kai nawa!"

Aka yi ta dariya, har da ita. Amma matan layi suka daina zama a bayanta idan tana taje kai.

Akwai abu guda da 'yan tsibirin ba sa furtawa: jirgin da funadama ta fita daga cikinsa ba ya dawowa. Kowa ya sani, ba mai faɗi, don a ganinsu faɗin ma kiran abin ne. Yara kan tsince shi daga irin shirun da manya ke yi. Shinpei kuwa a gari ya tashi, cikin 'yan makaranta da ƙarar guduma, bai taɓa jin wannan shirun ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke Genzo kafin yaƙi ya ɓarke. Da yaron ya kawo ƙarfi ya shiga sojan ruwa, aka kuwa tura shi Kurohime, can ƙasa wajen tukwanen wutar da ke tafiyar da injin.

Ranar tafiya uwar ta ɗaure masa curin shinkafa, ta kwatanta masa inda ajiyar ubansa take.

"Ashe tare za mu tafi, Inna," ya ce yana dariya.

Sauran maganar ta zo mata har bakin harshe. Ta dubi fuskarsa, ta haɗiye.

Shekarun yaƙi Mitsuno ba ta jiran rediyo. Idan kunnenta ya toshe da tsakar rana, ta san ana harba manyan bindigogi. Ranar da ta tashi da ƙuna a gadon baya ba tare da ta je kusa da murhu ba, ta san wuta ta kama wani sashe, ta kwanta rub da ciki har ta lafa. Ko ba ta jin yunwa sai ta tura abinci, kada jirgi ya yi rauni. A masana'antar ɗinkin kayan soja aka ce kowace mace ta rage gashi saboda injuna. Ita ta naɗe nata cikin ƙyalle, ta ce sai dai a kore ta. Tsoro take ji kullum, amma tsoro ne mai aikin yi, tunda tana ganin ran ɗanta a hannunta yake.

Wata azahar a ƙarshen kaka, tana shanya yankakken dankali a bakin ƙofa, wani saurayin soja ya yi sallama. Hannun rigarsa na hagu a naɗe yake, ba komai a ciki. Ya ce sunansa Sakuji, tare suke aiki da Shinpei, an sallamo shi gida.

"Lafiyarsa lau, Inna, har ya yi gemu, wai shi namiji. Ga saƙo, ya ce hannu da hannu."

Ya miƙo ƙullin ƙyalle. Tun kafin ta kwance ta gane aikin Genzo.

"Jiragen sama ne suka addabe mu," in ji Sakuji. "Aka ce a ƙara ƙananan bindigogi, jirgi kuma da ma nauyi ya yi masa yawa, sai aka sare tsohon jigon. Za a watsa tarkacen a teku, Shinpei ya ruga ya ɓamɓaro wannan. Har mari ya sha a kai. Ya ce gashin uwarsa ba zai kwana a ƙasan ruwa ba."

"Ina jirgin yake yanzu?"

"Sun tashi tun kafin in baro. Kudu suka yi."

"Akwai wanda zai bi su? Ko na dakon mai, ko na kamun kifi?"

"Haba Inna, wa zai kamo Kurohime in ya miƙe?"

Ta buɗe akwatin. Gashin da Genzo ya yanka baƙi ne, gajere. Wannan kuwa ya nannaɗe ya cika akwatin taf, fari fat da furfura, daidai da wanda ke kanta. Ba ta ji haushin ɗanta ba ko kaɗan. Yaron kirki ne, abin kirki ya yi. Kanta ta tsana, da bakinta da ya ƙi buɗewa.

Ta ɗora akwatin a kan kantar da take ajiye allon sunan marigayi mijinta, ta zuba wa baƙo dafaffen dankali da ruwan miya, tunda daga nesa ya zo. Yana ci yana ba ta labarin ɓarnar Shinpei, tana gyaɗa kai. Rana na shigowa ta taga, a waje Otake na faɗa da kajinta.

Sai suka ji ɗis. Jim kaɗan, wani ɗis.

Daga kusurwar akwatin wani baƙin abu mai kauri ke ɗiga kan tabarma. Ɗakin ya gauraye da warin gishiri da na man jirgi. Sakuji ya san warin nan, warin cikin Kurohime ne, a cikinsa ya yi shekaru. Ya ajiye tsinken cin abincinsa a hankali, ya dube ta.

"Cinye abincinka, ɗana," in ji Mitsuno. Ta ɗauko kwanon da Shinpei ke cin shinkafa a ciki, ta durƙusa, ta tara.