Ganyen Da Na Sa Wa Gawon Ilu

A watan nan Ilu Fantir ke cika shekara talatin da ɗaya a ƙasa. Ban yi niyyar rubuta komai ba, don hannu ya fara rawa, ido kuma sai da gilashi. Jikata Hauwa'u ce ta tono ni. Tana karatun kwamfuta a Kano, ita da abokan karatunta suna haɗa wani wasa na waya, irin wanda mutum zai yi ta tafiya yana tsallake haɗurra har ya isa inda za shi. Ita aka ba zanen bayan fage, wato dajin da hanyar da garuruwan da ɗan wasan zai ratsa. Ta turo min hotuna shida, ta ce tsoho ya duba ya faɗa mata abin da za ta gyara. Mako biyu na yi ina buɗewa ina rufewa, domin na taɓa yi wa wani gyaran zane, kuma na san abin da ya biyo baya.

Ilu ɗan ƙanwar mahaifina ne, ke nan taubashina ne, abokin wasa na haihuwa. Yana zanen motoci a tashar Jibiya, dab da shingen shiga Nijar. Direbobin Maraɗi ne suka laƙaba masa Fantir, wato mai fenti, da irin Faransancinsu na bakin hanya, sunan kuwa ya bi shi har kabari. A shekarun da kuɗin mai suka ɓalle, bayan fari ya lafa, tashar nan ba masaka tsinke: siminti, rediyo, babura a cikin kwali, kowa na sauri kamar an ce gobe za a rufe duniya. Duk wanda ya sayi gingimari sai ya kawo wa Ilu ya zana masa zaki ko ɗawisu a bayanta. Aiki yana samu, amma ya gaji. Ya sha ce min ya zana zakin da bai taɓa gani ba har ya fi sanin fuskarsa da ta matarsa.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Daddara. Duk abin da Ilu ya zana don kansa, ni yake fara nuna wa. Dalilinsa mai sauƙi ne. Mu Hausawa in ka nuna mana aikinka, ko da ya karkace kamar ƙafar kare, "ba laifi" za mu ce, mu bi ka da addu'a. Ƙani yana jin nauyi, wa yana lallashi, aboki yana tsoron ɓacin rai. Taubashi ne kaɗai aka ɗaure wa gindi ya faɗi abin da ya ga dama ba a riƙe shi. Sai Ilu ya mai da wasan nan namu awo. In na gama tsiyata, yakan tambaye ni, "Wasa kake ko gaske?" In na ce wasa, ya yi dariya ya rama. In na ce gaske, ya ɗauki buroshi.

Wata shekara aka aiko da takarda makarantu cewa ana neman kayan koyarwa na gida, wanda aka zaɓa za a buga shi a raba wa yara. Na kai wa Ilu labari. Wata uku ya yi a kan wani faifan katako mai faɗin tabarmar salla, ya sa masa suna Sai Agadas. Ana jefa ƙwayar lido ne, ɗan wasa ya tashi daga tashar Jibiya, ya ƙetara iyaka, ya bi ta Maraɗi har cikin rairayi. In ka faɗa gidan da gulbi ya kawo ruwa, ka koma baya. In ka faɗa hannun 'yan duwan, wato kwastan na can, ka zauna abokanka su wuce. In ka dace da rijiya, ka tsallake gida biyar. Burinsa shi ne a buga allon nan da sunansa a ƙasa, ya huta da zakuna. Bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so wannan ba.

Gyaran da na fara yi masa, har yau ba na jin kunyarsa. Na ce dajin ya cinye hanyar, yaro ba zai ga inda zai ajiye ɗan lidonsa ba, ya rage duhun kore a gefenta. Na ce tuddan da ke nesa sun yi ƙarfin launi kamar na kusa, ya dusashe su. Na ce sararin sama iri ɗaya ne daga Jibiya har Agadas, alhali ko makaho ya san ba haka ba ne. Duk ya karɓa, ya gyara, allon ya buɗe kamar an ɗage labule. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma Ilu ya san haka. Da a nan na tsaya, da yau wani rubutun nake yi.

Amma wanda aka saurara sau uku yakan ɗauka bakinsa ba ya kuskure. A farkon allon, wajen gonakin Magama, Ilu ya zana damina: gero ya kai kafaɗa, ƙasa ta jiƙe, a tsakiya ga wani babban gawo tsaye ba ganye ko ɗaya. Duk ɗan ƙasar nan ya san halin gawo. Da rani, sa'ad da kowane itace ya bushe, shi yake yin kore. Ruwa na sauka ya zubar da ganye, shi ya sa gero ke samun rana a gindinsa. Ni ma na sani, a gonar ubana akwai guda uku. Sai dai na yi kwas na wata shida a Kaduna, na dawo ina ganin na san idon manya. Na ce masa ya sa wa itacen ganye.

"Taubashi, gawo ne hwa," in ji shi. "Da damina tsirara yake. Mi za ni sa mashi?"

Na ce mutanen da za su duba ba su san gawo ba, za su ce itacen ya mutu, ko fenti ne ya ƙare masa. Na ce zamani ya canza, ƙasa ta yi arziki, ba mai son ganin busasshen abu a littafin yara. Sai ya yi tambayar da ya saba. Na ce gaske. Washegari na tarar da gawon ya yi luf da ganye, kore shar, ya yi kyau irin na kalanda.

Mutum uku ne suka zauna duba kayan a wani ajin makaranta a Katsina. Biyu matasa ne masu kwat, sun yaba, har ɗaya ya jefa ƙwayar ya faɗa hannun 'yan duwan aka yi dariya. Na ukun wani dattijo ne, tsohon mai duba makarantu, da ganin tafin hannunsa ka san ya riƙe fartanya. Ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan itacen.

"Wanga wane icce ne?"

"Gawo ne, ranka shi daɗe," in ji Ilu.

"Gero ya kai kahwaɗa, gawo na da ganye? A wace ƙasa?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ce 'ya'yan manoma za a ba allon, kuma in mai zane ya yi musu ƙarya a kan itacen ƙofar gidansu, da wane ido za su yarda da Agadas ɗinsa? Ina tsaye a gefen Ilu, kafaɗata na taɓa tasa. Kalma huɗu ta ishe ni: ni na sa shi. Ban ce uffan ba. Ilu ma bai juyo ya dube ni ba, ya ce, "Kuskurena ne," ya naɗe allon a cikin ƙyallen da ya kawo shi a ciki. Ban sani ba ko gawon kaɗai ya kayar da shi, don daga baya ban ji an buga na kowa ba. Amma na san abin da ya rushe a ɗakin nan, kuma ba allon ba ne kaɗai.

Bai yi fushi da ni ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Mun ci gaba da tsiya a wurin suna da biki, ya kira ni malamin da alli ya ci wa basira, in kira shi uban zakuna. Sai dai daga ranar bai sake nuna min ko zanen kaza ba, bai kuma sake tambayata wasa nake ko gaske ba. Ya koma wa motocinsa. Kuɗin man suka zo suka wuce, gingimarin suka tsufa, tari ya kama shi, wasu suka ce warin fenti ne. Na sha shirya maganar da zan yi masa, in na je sai in ɓuge da zolaya, don ita ce ta fi sauƙi. Da na sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tashar ba mai zane ko ɗaya, hoton leda ake bugowa a manna, rana ta cinye shi cikin shekara. Iyakar a buɗe yau a rufe gobe, gonakin da ya zana wasu ba a iya zuwa. Ina jin zai yi murna da na'urar Hauwa'u, wadda ke goge kuskure da taɓawa ɗaya, shi da sai ya kankare da reza. Amma zai tsaya a kan itatuwanta. Suna da kyau, masu tsini, jere kamar sojoji, ban taɓa ganin irinsu tsakanin Jibiya da Maraɗi ba. A ƙarshe abu ɗaya na faɗa mata, cewa hanyarta ta ɓace a cikin daji. Sauran na ce ta zo gida da damina ta duba da idonta, kada ta ɗauki maganar tsoho, ko da tsohon ya rantse.

Me ya rage na Ilu? Motocin an yanka su an sayar da ƙarfen. Ba hotonsa a bango, ba sunansa a ƙasan komai. Na daɗe ina zaton shi ke nan, sai bayan rasuwarsa da shekara biyu matarsa Inna Rabi ta faɗa min wani abu, ranar da na je gaishe ta. Ta ce ai ya kankare ganyen nan tun a makon da muka dawo. Ya ci gaba da taɓa allon shekara da shekaru, 'ya'yansa da na maƙwabta duk a kansa suka koyi ƙirga. Na ce ta ɗauko in gani. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ya ce kowa na iya gani, ban da kai."

Allon yana nan a Magama, a ɗakin babbar 'yarsa, jikokinsa na wasa da shi. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba a babur, kuma na san in na roƙa yau ba mai hana ni. Ban roƙa ba. Sau ɗaya na sa shi ya bar abin da ya sani saboda maganata. Wannan karon tasa za a bi. Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe mana.